Daular Kawuna a Bakin Ƙofar Ruwa

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ina jin ranar da kawuna ya naɗa ɗansa sarautar ƙofar ruwa ita ce za ta fita a ƙarshe. Shekaru sun ja yanzu, waɗanda suka yi gaba a kan abin sun shirya har sun haɗa zuri'a, amma ni har gobe in na tsaya gaban allo zan koyar da tarihin wata daula, sai wannan rana ta faɗo mini.

Ni malamin makaranta ne, ina koyar da tarihin Musulunci a wata sakandare a yankin Kura. Kamar sauran malaman wajenmu, ina da 'yar gonata ta noman rani, don ita ce ke riƙe da gida in wata ya yi nisa. Matsalar gonar ɗaya ce, wato inda Allah ya ajiye ta. Ruwan da ke zuwa mana daga Tiga yana bin babban kanal ne, sai a yanko mana ƙaramin reshe da ke ratsa gonakin sashenmu daga sama zuwa ƙasa. A tsakiyar reshen akwai ƙofar ƙarfe. In an ɗaga ta, ruwa ya wuce wa mutanen ƙasa. In an sauke ta, ya tsaya wa mutanen sama. Gonata tana can ƙasa, daga ita sai daji. Ƙofar nan kuwa ba ta ɗaguwa sai da wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake ɗorawa a kanta a yi ta juyawa, muna ce masa makulli. Guda ɗaya ne tal a duk sashen, kuma yana hannun kawuna, wan mahaifiyata.

Yadda makullin ya zo hannunsa ba wani abin alfahari ba ne. Kawu ya taso yana yi wa wani attajirin birni aikin gona, shi ne mai ɗauko makulli ya buɗe, ya mayar. Da attajirin ya rasu, magada suka shagala da rigimar gidaje a cikin gari, ba wanda ya tuna da wani tsohon ƙarfe a ƙauye. Makulli ya kwana a ɗakin Kawu, ya sake kwana, shi ke nan ya zama ɗan gida. Da aka zo kafa ƙungiyar manoma aka ce wa za a ba shugabanci, sai aka ga ai ba a raba shugaba da makulli. Kafin a farga, gonakin da ke manne da ƙofar duk sun zama nasa.

Wata rana bayan la'asar muna zaune a gindin mangwaron da ke bakin ƙofar, hira ta kai mu ga sarakunan da, sai na ba su labarin daular Gazna. Na ce musu waɗanda suka kafa ta Turkawa ne, kuma asalinsu bayi ne da sarakunan Bukhara suke saye su koya musu yaƙi. Ɗaya daga cikinsu ya zama babban kwamanda, rigimar gadon sarauta ta rutsa da shi, ya tattara mutanensa ya koma wani gari na kan iyaka mai suna Gazna, a ƙasar da ake kira Afganistan yau. Iyayen gidansa suka shagala da faɗan junansu. Daga wannan gari bawansa ya kafa mulki, ɗan bawan kuma ya zama sarkin da duniya ta ji tsoronsa. Ya yi ta kai yaƙi Indiya yana dawowa da dukiya, ya tara giwaye na yaƙi, malamai da mawaƙa suka cika fadarsa, aka riƙa kiransa Sultan.

Kawu, wanda a iya sanina bai taɓa sauraron maganata ta wuce gaisuwa ba, ya ajiye goron da ke hannunsa.

"Bayi fa ka ce, ɗan nan?"

"Bayi, Kawu."

"Iyayen gidansu suna can suna rigimar gado, su kuma suka riƙe abin da ke hannunsu?"

"Haka aka yi."

Ya dubi ƙofar ruwa, ya dubi gonakinsa, ya gyaɗa kai a hankali. Na buɗe baki zan ci gaba, don labarin bai ko kai rabi ba, sai ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Tsaya nan. A giwayen nan za a tsaya. Sauran surutu ne."

Tun daga ranar na shiga uku. Duk inda aka taru, suna ne ko ɗaurin aure, sai Kawu ya sa a kira ni in ba da labarin Gazna, kuma da zarar giwaye sun shigo sai ya ce a shafa fatiha. 'Yan ƙasa suka fara kiransa Sultan don tsiya, shi kuwa ya amsa da zuciya ɗaya. Ya ƙara wa rawaninsa tsawo. Ya sayo wata tsohuwar tarakta ya sa mata suna Giwa, wadda tafiyar da ta yi da turi ta fi wadda ta yi da mai. Rabon ruwa da ake yi bi da bi ya koma sai wanda ya je gaisuwa da safe. Ni ɗan 'yar'uwarsa ne, amma ko ni sai na durƙusa na yi ta "Allah ya ja zamanin Sultan" kafin fangalin gonata ya ga danshi.

Akwai Fulanin da suka daɗe zaune a gefenmu, tun kafin a haƙa kanal ɗin ma, shanunsu na shan ruwa a wata mashaya da ke ƙasa da ƙofar. Kawu ya ce shanu na ɓata masa hanya, ya sa aka kafe wurin da ƙaya. Arɗonsu, dattijo mai sanyin magana, ya zo har gindin mangwaro ya roƙa, Kawu ya ce masa a je a dawo. Da ya tafi na matsa kusa na ce, "Kawu, akwai makiyaya fa a cikin labarin nan. Su ma wurin kiwo suka roƙa."

"Sun ci mai giwayen da yaƙi?"

"A'a, ba shi ba. Ɗansa dai..."

"To ina ruwana da ɗansa? Kai matsalarka kenan, ba ka san inda ake tsayawa ba."

Ashe kuwa maganar ɗa tana tafe. Kawu yana da 'ya'ya maza biyu, taubasaina. Babban shi ne ya yi shekaru yana saɓa makulli a kafaɗa, rana da sanyi, shi ke buɗewa shi ke rufewa. Mutum ne mai zafin kai, kuma shi kaɗai ke iya ce wa ubansa ba haka ba. Autan kuwa a birni ya yi karatu, ya dawo da baƙin tabarau da takalmin da ba ya son laka, ba ya kiran ubansa da komai sai "Mai Martaba". Ba sai na faɗa muku wanda Kawu ya zaɓa ya gaje shi ba. Ya ce gwiwoyinsa sun gaji, zai miƙa makulli ga auta a gaban jama'a.

Na same shi na ce, "Kawu, mai giwayen nan ma haka ya yi. Ya tsallake ɗansa mayaƙi ya ba wanda ya fi so."

Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ka ji ko? Ashe ma al'adar manya ce."

Daga nan sai autan ya kawo tasa dabarar, irin ta wanda bai taɓa ban ruwa ba. Ya ce kada naɗin ya zama lami, a sauke ƙofa tun kwanaki kafin ranar, a tara ruwa ya cika maƙil, yadda in sabon Sultan ya juya makulli ruwa zai fita da ƙugi, talakawan ƙasa su san an yi sabon sarki mai kyauta. Kawu ya ce wannan yaro da basira yake. Aka sauke ƙofa.

A lokacin tumatirina yana tsakiyar fure. Duk wanda ya taɓa noman tumatir ya san ba lokacin da ya fi ƙin ƙishirwa kamar wannan, in furen ya zube to shekarar ta zube. Kullum na tashi daga makaranta sai in zarce gona, in tarar ganye ya ƙara naɗewa, ƙasa ta ƙara tsagewa. Tsoro ya kama ni sosai, don na san abin da gidana zai ci har damina yana jikin waɗannan furanni. Na je na durƙusa gaban Kawu, na haɗa shi da darajar mahaifiyata, na ce ko na rabin yini ne a ɗaga mana. Ya dafa kaina kamar wani yaron goye ya ce, "Yi haƙuri, ranar naɗi ruwa zai zo maka har ka ce ya isa. Kai ne ma mai jawabi. Ka tabbata giwayen nan sun fito sosai." Na fito raina a ɓace, ina jin haushinsa ina jin haushin bakina.

Ranar naɗi da hantsi aka kafa rumfa a gefen gonar Kawu, aka jera kujerun roba, aka ɗora tukwanen shinkafa. Samari suka turo Giwa har bakin rumfa aka rataya mata ƙyalle. Mutanen sama suka zauna a inuwa, mu 'yan ƙasa muka tsaya a ɗaya gaɓar, inda aka ajiye janareta da lasifika, kowa idonsa a kan ƙofa ba a kan rumfa ba. Ruwa ya cika reshen har ya kai leɓe, yana lasar ciyawar bakin gaɓa. A gaban Kawu aka ajiye makulli a kan faranti, an naɗe shi da koren yadi tun jiya. Aka miƙo mini makirfo, na fara. Wallahi ban taɓa ba da labari da sauri irin na ranar ba. Na sayo bayi, na kai su Gazna, na kai su Indiya na dawo da su, duk a cikin numfashi kaɗan, don kawai a kai ga buɗe ƙofa. Da na iso giwaye Kawu ya ɗaga hannu, maroƙi ya ɗauka, aka yi guɗa.

Autan ya taso cikin babbar riga, ya durƙusa, Kawu ya ɗora masa ƙunshin a hannu biyu. Ya miƙe ya nufi ƙofa yana takawa ɗaya-ɗaya. Ya kwance koren yadi a gaban kowa. Sai ga karan rake, lanƙwasasshe, har an ɗan gatsi kansa.

Kowa ya zuba wa raken ido. Can sai wani tsoho daga cikinmu ya ce, "To, Allah ya sanya albarka," dariya kuwa ta ɓarke. Autan ya cire tabarau ya ce, "Mai Martaba, wannan ai sabotaj ne!" Kawu ya miƙe yana tambayar ina babban. Aka ce an gan shi da sassafe a kan babur ya nufi kasuwar Bunkure, da wani dogon abu ɗaure a baya cikin buhu. Aka kira wayarsa, a kashe. Aka ɗauko sifana daga jikin Giwa, ba ta kama ba. Aka kawo gatari, aka kawo taɓarya, ƙofa ta ce ba ta san zancen ba. Ruwa kuwa bai daina shigowa daga babban kanal ba, don shi ba wanda ya gaya masa ana naɗi.

Akwai wani hali da manoman bakin kanal ke da shi, kuma Kawu ya fi kowa. Kowace shekara sai mutum ya sa fartanya ya ɗan sassaƙi gaɓar da ke jikin gonarsa, don ya ƙara kunya ɗaya ta shuka. Da yake ba mai iya yi wa Sultan magana, gaɓar da ke gefensa ta zama siririya kamar bangon zana. Nan ruwa ya zaɓa. Muka ga ƙasa ta ɗan motsa, ta tsage, sai ji kake wuuu! Ƙugin da autan yake so ya samu, sai dai ba ta inda ya tsara ba. Ruwa ya bi ta ƙarƙashin rumfa, ya kwashi kujeru, ya kife tukunyar shinkafa ɗaya, ya bazu cikin gonar Kawu wadda tumatirinta ya nuna jawur ana shirin tsinka. Manyan baƙi suka tattare riguna suka yi ta kansu. Giwa ta nutse har gindi. Kawu ya hau kanta ya tsaya, rawani ya warware, yana ta ba da umarni ba mai ji.

Mu da ke ɗaya gaɓar ko digo bai taɓa mu ba, kuma ba abin da za mu iya yi ko da muna so, balle ba ma so. Makirfo na hannuna har lokacin. Sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Malam, don Allah ƙarasa mana labarin nan yau!" Jama'a suka ɗauka, a ƙarasa, a ƙarasa. Na dubi Kawu a kan tarakta, na ga hannun da yake tsayar da ni da shi yana riƙe da sitiyari. Na gyara murya.

Na ce musu da mai giwaye ya rasu, ɗan da aka tsallake ya taso da runduna ya ƙwace sarauta, ya makantar da ɗan'uwansa ya kulle shi. Na ce musu makiyayan nan da suka roƙi wurin kiwo, su ma Turkawa ne, aka raina su aka yi ta kora, har suka zama runduna. Sabon sarki ya fita ya hukunta su da giwayensa da kayansa masu nauyi, su kuwa suka yi ta ja da baya cikin hamada suna lalata rijiyoyi. Kafin a gwabza, ƙishirwa ta riga ta gama da sojojinsa, har suna faɗa da juna a kan ruwa. Aka ci su, rabin ƙasa ya tafi. Sarki ya gudu ya nufi Indiya, a hanya sojojinsa suka juya masa baya, suka fito da makahon suka naɗa, shi kuma aka kashe shi. Jikoki suka ci gaba da riƙe abin da ya rage yana ƙanƙancewa, har wasu mutanen duwatsu da a da suke biyan su haraji suka sauko suka ƙone Gazna. Ragowar gidan ya ƙare a Lahore, a hannun waɗannan mutanen dai. Duk inda na kai gaɓa sai jama'a su ce "Allahu Akbar", su kuma fashe da dariya. Da azahar ta yi, sai ga shanun Arɗo sun gangaro sun jeru a bakin gonar Kawu suna sha abinsu, tumatir na yawo a gaban hancinsu. Arɗo ya ɗaga sanda daga nesa ya ce, "Sultan, mun gode, Allah ya ƙara arziki." Har ƙasa na zauna don dariya.

Dariyar ba ta kai la'asar ba. Ma'aikatan ruwa suka zo suka ga ɓarna, suka yi abin da ya wajaba a kansu, wato suka rufe bakin reshenmu daga babban kanal gaba ɗaya, suka ce ba za a sake ba sai mun gyara gaɓar da muka fasa. Da yamma babban ya dawo da makullinsa, ya tsaya a kan ƙofa ya ce daga yau shi ne shugaba. Ya juya, ƙofa ta ɗagu, ba abin da ya wuce sai laka da kwaɗi. Autan ya bi motar farko ya koma birni. Aka kira gayyar gyara, mutanen sama suka ce 'yan ƙasa ne ke bukatar ruwa su zo su yi, 'yan ƙasa suka ce wanda ya sassaƙe gaɓa shi zai cike ta. Aka yi ta zama ana tashi. Kafin a daidaita a zuba buhunan ƙasa, makonni sun wuce.

Shi kuwa Kawu, ko kunya. Ya tafi har ɗakin mahaifiyata ya kai ƙarata, wai na san ƙarshen labari na ɓoye masa, na bar shi ya shiga ruwa. Ya ce ilimin boko kenan, ba amana. Har ya koma ga Allah yana amsa sunan Sultan, kuma bai daina cewa ni na rusa masa daula ba.

Ranar da ruwa ya iso gonata ina tsaye a kan kunya. Ya shigo a hankali ya cika fangali ɗaya bayan ɗaya, yana ɗauke da busassun furanni a samansa. Ba abin da ya rage da zai sha shi. Na tsaya ina kallo har ya kai ƙarshe, sannan na je na toshe, don kada a yi asararsa. A wannan shekarar sai da iyalina suka san an yi canjin sarauta, a cikin kwanon tuwonsu.

Na yi shekaru ina koyar da tashin dauloli da faɗuwarsu, ina lissafa wa yara wane ya hau, wane ya sauka, wane ya makantar da wane. Littafi bai taɓa gaya mini ko rijiyar wa aka lalata a hamadar nan ba, ko wa ke da shuka a bayan ganuwar Gazna ranar da aka sa mata wuta, ni ma ban taɓa tambaya ba sai da na tsaya a kan wannan kunya. Abin da na koya shi ne, in ka ga abin da kowa ke sha ya koma hannun gida ɗaya, tun ranar za ku tashi ku yi magana gaba ɗayanku. Kada ku tsaya gaisuwar safe kuna jiran ranar da gidan zai faɗi ku yi dariya. Zai faɗi kam, kuma dariyar da daɗi, na yi ta na sani. Amma Kawu gona ɗaya ya rasa cikin gonakinsa, ni kuwa guda ɗaya gare ni.